Poke a Gida: Kifin Ne Abincin, Sauran Duk 'Yan Rakiya Ne

Da ƙarfe biyar da rabi na asuba ake kaɗa ƙararrawa a wata rumfa mai sanyi da ke tashar jiragen ruwa ta Honolulu, babban birnin jihar Hawayi, a buɗe gwanjon kifi. Kamfanin United Fishing Agency ne ke gudanar da shi tun 1952. Jiragen su sukan sauke kayansu cikin dare, a auna kowane kifin tuna shi kaɗai, a shimfiɗe shi a kan ƙanƙara, a yanko ɗan tsoka daga wajen wutsiyarsa a ɗora masa. Dillalai suna bi layi-layi suna duba wannan ɗan yanki: launinsa, maiƙonsa, da yadda yake riƙe kansa idan an murza shi da yatsa. A kan abin da ido da yatsa suka shaida ake taya kifi. Kafin rana ta take, wani daga cikinsa ya isa shagunan gari, an yayyanka shi gutsi-gutsi, an cuɗa da gishiri da albasa, ana sayarwa bisa sikeli. Shi ne abincin da ake kira poke.

Tun wajajen 2015 wannan abinci ya fita daga tsibiransa ya zaga duniya, a cikin kwano, a kan shinkafa. Akwai shagunansa a Landan da Dubai da Toronto, kuma intanet cike take da bidiyon da ke koya wa mutum haɗa shi a gida cikin minti goma sha biyar. Masu bidiyon sun yi gaskiya game da sauƙin aikin, don ba a kunna wa kifin wuta, kayan haɗin kuma ba su wuce biyar ko shida ba. Abin da sukan tsallake da jimla ɗaya, wato "a samo kifi mai kyau", shi ne kusan dukkan abincin. Wanda ya gaji girkin bai gaji tashar Honolulu tare da shi ba. Saboda haka ingancin poke na gida, da lafiyar wanda zai ci shi, a wurin sayen kifi ake yanke su, tun kafin a wasa wuƙa.

Kalmar gaɓa biyu ce, po-ke, kuma a harshen Hawayi tana nufin yanka abu a gicciye, gunduwa-gunduwa. Sunan aikin wuƙa ne ya zama sunan abinci. Tun kafin Kyaftin James Cook ya iso tsibiran a 1778, masuntan wurin suna cin ƙananan kifayen bakin gaɓa ɗanye, da abu uku kacal. Akwai gishirin teku, wanda har yau wasu iyalai a Hanapepe, a tsibirin Kauai, suke shanya shi a gadajen laka irin na kakanninsu, suna kyauta da shi ba sa sayarwa. Akwai limu, ciyawar teku mai gardi da ƙamshin gaɓa. Sai inamona, ƙwallon itacen kukui da ake gasawa a daka da gishiri. Mahaɗin kifin kuwa poi ne, wato kirɓaɓɓen gwaza da aka dama da ruwa. Babu shinkafa a wannan labari tukuna.

Gonakin rake ne suka kawo ta. Turawan da suka mallaki gonakin sun riƙa ɗebo ma'aikata daga ƙetare: Sinawa daga 1852, Japanawa a 1868 sannan da yawan gaske daga 1885, mutanen Fotugal a 1878, Koriyawa a 1903, 'yan Filifin a 1906. Kowane ayari ya zo da ɗakin girkinsa. Baƙin Asiya sun kawo cin shinkafa kullum, da man riɗi, da shoyu, baƙin ruwan ɗanɗano mai gishiri da ake samu daga waken suya da alkama bayan an bar su sun ruɓa watanni, kusan yadda kalwa ke zama daddawa. Japanawa kuma suka riƙe sana'ar su a zurfin teku, da haka manyan kifayen tuna, waɗanda mutanen Hawayi ke kira ahi, suka maye gurbin kifin gaɓa. Rachel Laudan, masaniyar tarihin abinci da ta wallafa littafin The Food of Paradise a 1996, ta nuna cewa poke irin wanda aka sani yau bai bazu sosai ba sai a shekarun 1970. A farkon shekarun 1990 wani fitaccen mai girki, Sam Choy, ya kafa gasar poke ta shekara-shekara, abin ya ƙara suna.

Ke nan ba wanda zai ce akwai wani poke tsantsa da ba a taɓa gauraya shi ba. Abincin haɗin gambiza ne tun asali, ya karɓi baƙo bayan baƙo. Sai dai akwai abin lura a yadda ya karɓe su. Duk abin da ya shigo, da cokali ya shigo, kuma don ya fito da ɗanɗanon kifin ya shigo. A kantunan Foodland da ke Honolulu, mai saye yakan tarar da faranti-faranti na poke iri-iri a bayan gilashi, an riga an haɗa kowanne, ya nuna wanda yake so a auna masa. Idan ya ce a zuba masa a kan shinkafa, shinkafa ce da kifi, wataƙila da ɗan barbaɗi a sama.

Kwanon da ya zaga duniya wani abu ne dabam. A jihohin Amurka na can babban yankin aka sake masa fasali, aka mayar da shi layin zaɓi: mai saye ya zaɓi ƙasa, ya zaɓi kifi ludayi ɗaya ko biyu, sannan ya bi kan mangwaro da abarba da masara da kabeji da soyayyar albasa da miya kala uku. Hikimar kasuwanci ce mai kyau, domin kifi ne abu mafi tsada a kwanon, kuma duk lokacin da aka ƙara kabeji an rage kifi. Har wani ɗigo aka ɗora wa harafin ƙarshe, ana rubuta poké, alamar da babu ita a rubutun harshen Hawayi. A 2018 abin ya kai ga wani kamfani na Shikago mai suna Aloha Poke ya aika wa wasu shaguna takardun lauya, cikinsu har da na 'yan asalin Hawayi, yana neman su daina haɗa kalmomin aloha da poke a sunayensu saboda ya yi musu rajista. An yi zanga-zanga a ƙofar kamfanin. Ga al'ummar da aka hamɓarar da sarauniyarta, Liliuokalani, a 1893, Amurka ta haɗiye ƙasarta a 1898, aka kuma daɗe ana hana 'ya'yanta karatu da harshensu, a wayi gari baƙo yana yi musu iyaka da kalmar gaisuwarsu ba ƙaramin cin fuska ba ne.

Mai girki a gida ba ya cikin wannan rigima, amma ya gaji illarta ta wata fuska. Kwanon da aka cika da kayan ado da miya mai kauri yana koya wa harshe ya daina tambayar kifi. Mayonis da barkono suna rufe ƙarni, zaƙin mangwaro yana rufe ɗaci, kuma ƙarni da ɗaci su ne kaɗan daga cikin gargaɗin da kifi ke iya yi wa mai cinsa.

A wurin mai sayar da kifi, abu na farko da ya kamata a sani shi ne cewa tambarin nan da ake mannawa a leda da Turanci, mai cewa kifin ya kai matsayin sushi, ba shi da wata ma'ana a dokar Amurka. Babu hukumar da ke ba da shi, babu mai binciken da ke ƙwace shi. Kalmar talla ce, darajarta daidai take da amanar wanda ya manna ta. Launi ma ba shaida ba ne. Tsokar tuna takan rine daga ja zuwa ruwan ƙasa cikin 'yan kwanaki, ko bayan daskarewa a firiza ta yau da kullum. Don hana wannan, wasu masana'antu sukan busa mata iskar kabon monoksaid, sai ta tsaya da wani ja mai sheƙi kamar cikin kankana, ko da kifin ya tsufa. Iskar kanta ba ta cutar da mai ci a wannan adadi, illarta ita ce ɓoye shekarun kifi. Tarayyar Turai da Japan da Kanada sun haramta yin haka, Amurka ta yarda da shi bisa sharaɗin a rubuta a jiki. A Hawayi ma, poke mai araha galibi daga irin wannan daskararren kifi ne da ake shigo da shi daga kudu maso gabashin Asiya, mutanen gari kuma sun san bambancin, shi ya sa sukan biya ninki don na gwanjon asuba. Wanda ya sayi tuna don jansa kaɗai, kallon kitse yake yi wa rogo.

Haɗarin ɗanyen kifi iri uku ne, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya. Rashin rarrabe su ne ke sa mutane su natsu inda bai kamata ba.

Na farko tsutsa. Wadda ta fi shahara a kifin teku ita ce anisakis, fara siririya, tsawonta santimita biyu zuwa uku. Tana zaune a hanjin kifi, idan ya mutu ba a farke shi da wuri ba sai ta ratsa cikin tsoka. In ta shiga cikin mutum da rai takan kafe a bangon tumbi, cikin 'yan sa'o'i ciwon ciki mai tsanani ya taso, sau da yawa sai likita ya zura na'urar leƙen ciki ya cire ta. Gishiri da lemon tsami da shoyu ba sa kashe ta. Wuta ce ke kashe ta, ko sanyi mai tsanani. Ƙasar Holan, inda ake cin ɗanyen kifin herin, ta wajabta daskarar da shi a 1968, cutar ta kusa ɓacewa a can. Ƙa'idar hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ita ce a daskarar da kifi a digiri 20 ƙasa da sifiri na tsawon kwana 7, ko a digiri 35 ƙasa da sifiri har ya sandare sannan ya ƙara sa'a 15 a haka. An keɓe manyan nau'o'in tuna daga wannan sharaɗi saboda tsutsar ba ta cika samuwa a tsokarsu ba, haka ma kifin salmon na kiwo da aka ciyar da abincin masana'anta. Salmon na daji kuwa yana cikin waɗanda suka fi ɗauke da ita. Firizar gida an gina ta ne ta tsaya a wajen digiri 18 ƙasa da sifiri, kuma ana buɗe ta ana rufewa duk yini. A garin da wutar lantarki ke zuwa tana tafiya, lissafin kwana bakwai ɗin ya rushe tun daren farko.

Na biyu ƙwayoyin cuta, su kuwa sanyi kwantar da su kawai yake yi. A 2012 mutum 425 a jihohi 28 na Amurka suka kamu da salmonela daga wata daskararriyar tsokar tuna da aka kankaro daga jikin ƙashi aka shigo da ita daga Indiya. Kifin ya daskare sarai, ƙazantar tun daga masana'anta ta biyo shi. A 2016 a Hawayi kanta kusan mutum 300 suka kamu da ciwon hanta nau'in A daga wani ɗanyen abincin teku da aka shigo da shi a daskare. Abin da mai girki zai iya yi a nan shi ne ya sayi kifi dunƙule guda maimakon niƙaƙƙe ko yankakke, domin kowane yanka sabon fili ne ga ƙwayar cuta, ya kuma tsare tsabtar hannunsa da wuƙarsa da katakonsa.

Na uku shi ne wanda ya fi shafar ƙasashe masu zafi, kuma shi aka fi mantawa. Tsokar tuna da danginsa tana ɗauke da wani sinadari da bakteriya ke mayarwa histamin da zarar kifin ya ɗumama ya wuce digiri 4 na wani lokaci. Idan histamin ya taru, ya taru ke nan: dafuwa ba ta rushe shi, daskarewa ba ta rushe shi, kuma kifin yana iya zama ba wari. Mai ci yakan ji yaji-yaji a baki kamar an sa masoro, cikin minti kaɗan zuwa sa'a guda fuska ta yi ja, kai ya sara, zuciya ta riƙa bugawa. Sau da yawa akan ɗauka jikin mutum ne ba ya son kifi, alhali kifin ne ya sha rana a wani wuri tsakanin jirgi da kanti. Sa'a biyu a bayan mota a cunkoson hanya sun isa su fara wannan aiki, don haka akwatin ƙanƙara yana cikin kayan girkin poke kamar yadda wuƙa take.

Daga nan amsar tambayar da mazaunin Kano ko Abuja ko Yamai zai yi ta fito fili. Kifin ƙanƙara na kasuwa, irin su titus da shawa, dangin da tsutsa da histamin suka fi so ne, kuma kafin ya iso arewa ya narke ya sake daskarewa ba a san sau nawa ba. Na tukunya ne. Tunan da ake saukewa a Tema da Abijan, manyan tashoshin tuna na yammacin Afirka, yawancinsa a ruwan gishiri ake daskarar da shi a jirgi don masana'antar gwangwani, ya bambanta da wanda ake tanada don ci ɗanye, wanda ake sandarar da shi a wajen digiri 60 ƙasa da sifiri. Kifin ruwan daɗi kuwa, karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa, ko daga Kainji ya fito ko daga Tafkin Chadi ko daga kududdufin kiwo, bai kamata ya shiga baki ɗanye ba ko yanzu aka zaro shi daga ruwa yana motsi. Sabuntarsa ba ta kare kowa, hasali ma tsutsar cikinsa a lokacin ta fi ƙarfi. A arewa maso gabashin Tailan, inda ake cin ɗanyen kifin kogi da lemon tsami da barkono, tsutsar hanta da ke biyo shi ta sa yankin yana cikin wuraren da kansar bututun matsarmama ta fi yawa a duniya. Singafo ta hana sayar da ɗanyen kifin ruwan daɗi a gidajen abinci a ƙarshen 2015, bayan wata ƙwayar cuta daga irinsa ta shiga jinin mutane da dama. Da kakanni suka tsaya a kan banda da suya da farfesu, sun san ruwan da suke su a cikinsa.

Wanda yake inda ake samun kifin da ya dace, wato tuna ko salmon na kiwo daga hannun mai sayarwa da zai iya faɗin daga ina ya zo da yadda aka adana shi, aikinsa kaɗan ne. Idan daskararre ne, a fitar da shi daga ledar da aka zuƙe wa iska, a ɗora a faranti a rufe, ya narke a firiji cikin dare. A tsane shi da takardar goge hannu. A cire baƙin jan sashen nan na gefen ƙashi, don ƙarninsa ya yi yawa, da fararen jijiyoyi masu tauri. A yanka da wuƙa mai kaifi a gicciyen zaren tsoka, da ja ɗaya ba da gurzawa ba, gutsattsari kamar santimita biyu kowace fuska. In sun fi haka ƙanƙanta gishiri ya cinye su, in sun fi girma cikinsu ya zauna lami. Kwanon haɗin ya kasance mai sanyi. A lokacin zafi a ɗora shi cikin wani babba mai ƙanƙara.

Ga rabin kilo na kifi, shoyu babban cokali biyu zuwa uku ya isa, man riɗi ƙaramin cokali ɗaya ko biyu, rabin albasa an yanka ta siri-siri, lawashi ɗan kaɗan, gishiri mai tsakuwa ɗan tsunkule, da barkono gwargwadon harshe. A Hawayi albasar tsibirin Maui ake so saboda zaƙinta; albasa mai yaji a jiƙa ta a ruwan sanyi minti goma ta huce. Man riɗin na gasasshen riɗi ne, mai duhu da ƙamshi, fari ba zai yi aikin ba. (Ba mamaki riɗin da ke cikin kwalbar daga Jigawa ko Nasarawa ya tashi, domin Najeriya tana cikin manyan masu sayar wa Japan riɗi.) Limu da inamona ba su cika samuwa a wajen Hawayi ba. A can ma wasu sukan sa ƙwallon makadamiya a madadin kukui, don haka soyayyar gyaɗa ko yazawa da aka ɗan farfasa ba ta saɓa hanya ba. A juya a hankali, a rufe, a mayar firiji minti goma sha biyar zuwa rabin sa'a. Abin da ya wuce sa'a biyu, gishiri zai janye ruwan kifin, ya yi duhu ya yi tauri. Lemon tsami kuwa yana fararar da tsoka ya canza ta, ya kai abincin wajen wani girki na ƙasar Feru. Wanda yake so ya matsa a faranti lokacin ci.

Ga Musulmi, kifin kansa ba matsala: a mazhabar Malikiyya abin da ke rayuwa a teku halal ne, ba ya bukatar yanka. Kwalabe ne abin dubawa. Girke-girke da yawa na intanet suna sa mirin, wanda giyar shinkafa ce mai zaƙi da barasarta ta kai kusan kashi 14 cikin ɗari. Poke na Hawayi ba ya bukatarsa, ɗan tsunkulen sukari ya maye gurbinsa. Shoyu ma yakan fito da 'yar barasa kaɗan daga ruɓawar da ake yi masa, wanda hakan ya dame shi ya nemi mai tambarin halal, kamfanin Kikkoman yana yin irinsa.

Shinkafar ita ce wurin da mai girkin Bahaushe ke da sa'ar da bai sani ba. Abin da ake so gajeriya ce ko matsakaiciya, mai ɗan danƙo, irin Calrose da aka fitar a Kalifoniya a 1948 wadda ita ce shinkafar yau da kullum a gidajen Hawayi. Doguwar turararriyar shinkafar dafa-duka tana warwatsewa, ba ta riƙe romon kifi. Shinkafar tuwo, wadda ba a turara ba, ta fi kusa da abin nema nesa ba kusa ba, in dai an rage mata ruwa. A wanke ta har ruwan ya washe, a zuba ruwa ɗan sama da ma'auninta, a rufe a kan wuta kaɗan kamar minti goma sha biyar, a sauke a bar ta a rufe wasu minti goma. Ba a sa mata ruwan tsami da sukari kamar ta sushi. Daɗin kwanon yana cikin haɗuwar shinkafa mai ɗumi da kifi mai sanyi, shi ya sa ba a zuba kifin sai mai ci ya zauna. Idan shinkafar tana tururi a bar ta ta ɗan sha iska, kada ta dafa ƙasan kifin.

Abin da za a ɗora a sama ra'ayi ne, kuma ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne a taƙaita. Kokwamba tana kawo gardi, fiya tana kawo maiƙo idan kifin ba mai kitse ba ne, gasasshen riɗi yana kawo ƙamshi. Biyu daga ciki sun wadatar. Wanda ya biya kuɗin tuna mai kyau sannan ya binne shi a ƙarƙashin abarba da mayonis ya yi asarar kuɗinsa, wanda kuma ya binne marar kyau don kada a ji shi ya yi abin da ya fi asara muni. Akwai kuma waɗanda ba a miƙa wa wannan kwano ko kifin ya fito daga gwanjon asuba: mai juna biyu, ƙananan yara, tsofaffi, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Ga masu juna biyu da yara akwai ƙarin dalili, domin nau'in tuna mai manyan idanu, ɗaya daga cikin biyun da ake kira ahi, yana cikin kifayen da FDA ta ce su guje musu saboda yawan sinadarin makyuri.

Wanda bai sami kifin da ya amince da shi ba, zai iya ɗauka ƙofa ta rufe. Farantan bayan gilashin Honolulu ba su ce haka ba. Kusa da ahi akwai poke na tako, dabbar tekun nan mai hannu takwas, wadda dafawa ake yi kafin a yanka. Akwai na dafaffen jatan lande. Akwai na pipikaula, busasshen naman sa mai gishiri na makiyayan tsibiran, ɗan uwan kilishi na nesa. Akwai kuma na tofu, wanda ba komai ba ne illa awara. Awara mai tauri da aka matse ruwanta, aka yanka gutsi-gutsi, aka cuɗa da shoyu da man riɗi da albasa da barkono, poke ce da za a gane ta a Hawayi, ta kuma fi kwanon mangwaro da masara kusa da abin da kalmar ke nufi. Tunan da ake shakkar ɗanyensa ana iya dafa shi ya nuna har ciki a yi masa haɗin nan, muddin ba a bar shi ya sha zafi a hanya ba, tunda wuta ba ta gyara wannan ɓarnar.

Poke na ranar da aka yi shi ne. A kan tebur kada ya wuce sa'a biyu, in zafin gari ya haura digiri 32 sa'a ɗaya. Abin da ya rage a firiji har washegari, mutanen Hawayi ba sa ci ɗanye kuma ba sa zubarwa: sukan zuba shi a kasko mai zafi da ɗan mai, albasar ta soyu, shoyun ya kama jikin kifin, a ci da sauran shinkafar jiya da soyayyen ƙwai.